Tafiya kallon hasken arewa a lokacin sanyi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan amsoshi na masu shirin zuwa arewacin Norwe, Suwidin da Finland ne tsakanin Satumba da Maris, musamman wanda ke son barin gari ya shiga daji. Hasken arewa, wanda ake kira aurora, wani haske ne mai launi da ke bayyana a sararin sama da dare a ƙasashen can arewacin duniya. Hasken kansa ba a hannun kowa yake ba. Abin da ke hannun matafiyi shi ne inda zai tsaya, dare nawa zai yi, abin da zai sa a jikinsa, da yadda zai bi da mutanen da ƙasar take tasu.

Mene ne ainihin wannan haske?

Rana kullum tana feso ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki, suna gudun kilomita 400 zuwa 800 a daƙiƙa ɗaya. Maganaɗisun duniya yana tare mafi yawansu, amma yana karkatar da wasu zuwa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. Can sama suke karo da iskar oksijin da naitrojin, karon ne ke ba da haske. Kore, wanda aka fi gani, na oksijin ne a tsayin kilomita 100 zuwa 150. Ja ma na oksijin ne, amma sama da kilomita 200. Shuɗi da shunayya da ke bayyana a gefen ƙasa na naitrojin ne.

Hasken yana zagaye ƙuryar arewa a siffar zobe, kuma zoben ya fi zama a kan wuraren da ke tsakanin digiri 65 da 70. Idan rana ta yi aman wuta mai ƙarfi, zoben ya kan buɗe ya gangaro kudu. Haka aka yi a daren 10 ga Mayun 2024, lokacin guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi tun 2003, har mutanen kudancin Turai suka gan shi daga ƙofar gida.

Ina ya fi dacewa in je?

Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce: ina ne gajimare ya fi ƙaranci? Tromsø a Norwe tana ƙarƙashin zoben sosai, ga jiragen sama, ga masauki, sanyinta da sauƙi saboda tana bakin teku, a Janairu yawanci digiri 3 zuwa 5 ƙasa da sifili. Amma tekun da ke rage mata sanyi shi ne ke kawo mata gajimare. Shi ya sa 'yan jagora a can sukan ɗebi baƙi su bi hanyar E8 ta Skibotn har Kilpisjärvi a Finland, tafiyar kilomita kusan 160, don neman sarari garau.

Abisko a Suwidin tana bakin tafkin Torneträsk, duwatsun yamma suna tare mata damshin da ke tasowa daga teku, don haka tana cikin wuraren da suka fi bushewa a ƙasar. Inari, Saariselkä da Utsjoki a Finland suna da duhu mai kyau da dazuzzuka masu faɗi, sai dai sanyi kan kai 30 ƙasa da sifili. Rovaniemi ta fi kowa suna, amma tana ɗan kudu, fitilunta da yawa, kuma a Disamba cunkoso ya yi mata yawa. A ɗaya ɓangaren duniya akwai Yellowknife a Kanada da Fairbanks a Alaska, masu sarari garau da sanyi mai tsanani.

A ganinmu, wanda zai je karo na farko ya zaɓi wuri ɗaya a cikin ƙasa, nesa da teku, ya zauna. Yawo daga gari zuwa gari yana cinye dararen da ya kamata a yi a waje.

Wane wata?

Daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Afrilu akwai isasshen duhu. Da bazara hasken yana nan, rana ce ba ta faɗuwa balle a gan shi. Satumba zuwa Oktoba da kuma Fabrairu zuwa Maris sun fi, domin a kusa da lokacin da dare da rana ke daidaita maganaɗisun duniya ya fi karɓar abin da rana ke turowa. Mai son dusar ƙanƙara da hasken yini tare, Maris ne watansa. Disamba ya fi tsada, ya fi cunkoso, kuma a Tromsø rana ba ta leƙowa tun daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Ba duhu ne dulum ba, da tsakar rana akwai 'yan sa'o'i na haske shuɗi-shuɗi, amma bai isa a yi doguwar tafiya a daji ba.

A cikin dare kuwa, tsakanin ƙarfe 9 da ƙarfe 2 ya fi fitowa.

Akwai tabbacin zan gani? Dare nawa zan yi?

Babu tabbaci, kuma duk wanda ya sayar maka da tabbaci ka karanta sharaɗinsa da kyau. Sau da yawa abin da yake nufi shi ne zai sake fita da kai wani dare, ko kuma kyamararsa ta kama wani ɗan kore da idonka bai gani ba. Hukumar yanayi ta Finland ta ƙiyasta cewa a yankin Kilpisjärvi ana ganin hasken dare uku cikin huɗu idan sama garau take, a Helsinki kuwa kusan sau ɗaya a wata. Kalmar da ke da nauyi a nan ita ce garau. Gajimare kan rufe sama kwana uku a jere. Dare huɗu shi ne mafi ƙaranci, biyar zuwa bakwai ya fi.

Manhajojin waya suna nuna ma'aunin Kp, mai auna ƙarfin hargitsin maganaɗisun duniya daga 0 zuwa 9, baƙi kuma suna ɗora masa nauyin da bai kai ba. Wanda ke Tromsø ko Abisko yana ƙarƙashin zoben, Kp 1 ko 2 ya ishe shi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne taswirar gajimare, sai kuma lambar da ake kira Bz, mai nuna inda maganaɗisun abin da rana ke turowa ya fuskanta: idan ta koma ƙasa da sifili ta daɗe a haka, ƙofa ta buɗe wa ƙwayoyin su shigo. Taurarin ɗan'adam da ke auna wannan suna nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, don haka gargaɗin da za a iya dogara da shi na rabin sa'a ne zuwa sa'a guda. Hasashen mako biyu masu zuwa kintace ne.

Ayyukan rana suna hawa da sauka a zagayen shekara kusan 11. Zagayen da ake ciki ya fara a Disambar 2019, kuma a Oktoban 2024 hukumomin NASA da NOAA na Amurka suka sanar cewa ya kai ƙololuwa. Ko a shekarun da rana ta lafa, wuraren da ke ƙarƙashin zoben suna ganin haske.

Zai yi kama da abin da nake gani a hoto?

Wani lokaci. Cikin duhu idon mutum ba ya rarrabe launi sosai, kyamara kuwa tana tara haske na daƙiƙu da yawa. Haske mai rauni a ido ya kan zama kamar farin hazo da ya ratsa sama, ana hango taurari ta cikinsa. Idan ya yi ƙarfi, koren zai fito fili, labulensa ya riƙa kaɗawa, gefensa na ƙasa ya yi ruwan hoda, cikin minti goma kuma ya lafa. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma duba waya sau ɗaya yana mayar da kai baya. Ka yi amfani da tocilar goshi mai jan haske, kada ka haska fuskar kowa.

Rigar sanyin da nake sawa da hunturu za ta yi?

Ba za ta yi ba. Matsalar ba kaurinta kaɗai ba ce, auduga ce. Auduga tana shan gumi ta riƙe, jiƙaƙƙen kaya kuma yana zuƙe zafin jiki. Singileti, wandon jins da safar auduga duk a bar su a masauki.

Ana sa kaya hawa-hawa. Na jikin fata ulu ne mai laushi, riga da dogon wando. A kansa rigar ulu mai kauri, ɗaya ko biyu. Sai babbar riga mai cushen gashin tsuntsu ko makamancinsa, sannan na waje mai tare iska. Takalmi ya fi ƙafarka girma da lamba ɗaya, ya ɗauki siririyar safa da kakkaurar safar ulu, yatsu kuma suna motsi. Takalmi matsattse yana hana jini gudu, mutum ya ƙara safa yana ganin gyara yake, alhali ƙara matse ƙafar yake yi. A hannu, siririyar safa mai yatsu a ciki, babba mai ɗaki ɗaya a waje, domin yatsu sun fi ɗumi idan suna tare. Hula ta rufe kunne, ƙyallen ulu ya rufe wuya da hanci.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a hau tudu da duk kayan a jiki, a yi gumi, sannan a tsaya cak sa'a biyu ana kallon sama. Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi, babbar rigar tana jaka, da ka tsaya ka zura ta kafin jiki ya huce. Kamfanoni da yawa suna ba da aron rigar waje da takalmi, don haka ba sai ka saya ba, amma kayan ciki naka ne.

Yaya zan gane sanyi ya fara cin fata?

Littattafan agajin gaggawa sukan ce wurin zai yi fari. A baƙar fata ba lallai ya yi fari ba, ya kan yi toka-toka ko ya dusashe, kuma da tocila cikin dare da wuya a lura. Ka dogara da taɓawa. Kan hanci, kunne, kumatu ko yatsa da ya daina zafi, ya mutu, ya yi tauri, ya shiga haɗari. Zafin ciwo alama ce cewa jini yana zuwa, ɗaukewarsa ce abin tsoro. Ku riƙa duba fuskar juna kowane rabin sa'a. Idan sanyi da iska suka haɗu suka kai kwatankwacin 28 ƙasa da sifili, buɗaɗɗiyar fata tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30.

Idan abin bai yi nisa ba, a ɗora tafin hannu mai ɗumi a wurin, ko a sa yatsu a hammata. Kada a murza, kada a goga dusar ƙanƙara, kada a kara a wuta ko murhu, domin fatar da ta mutu ba ta jin ƙuna. Wanda ya yi zurfi ana narkar da shi a ruwa mai ɗumin digiri 37 zuwa 39, kuma sai an tabbata ba zai sake daskarewa ba, domin daskarewa ta biyu ta fi ɓarna. Daga nan sai asibiti.

Wani abu da ya saɓa wa sabo: kada a lafta mai a fuska dab da fita. Binciken da aka yi kan matasan sojojin Finland ya nuna cewa masu shafa man kariya sun fi samun daskarewar fuska da kunne, wataƙila don man yana sa mutum ya ji kamar ya kare kansa. A shafa mai da dare kafin barci, a waje kuma ƙyalle ne kariya.

Faɗuwar zafin jiki ƙasa da digiri 35 ta fi wannan haɗari. Tana farawa da karkarwa, sai tuntuɓe, magana ta riƙa sarƙewa, mutum ya kasa zuge zif. Idan karkarwa ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba, abin ya yi tsanani. A raba shi da jiƙaƙƙen kaya, a raba shi da ƙasa, a lulluɓe shi, a kira 112. A Norwe lambar motar asibiti 113 ce.

Ina da sikila. Zan iya zuwa?

Sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da gajiya suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma wannan tafiya ta haɗa su duka, ga asibiti da nisa. Sai da shawarar likitan da ya san ka, kuma idan ya yarda, Satumba a gari mai asibiti kamar Tromsø ta fi Janairu a daji. Mai asma ya riƙa shaƙar iska ta cikin ƙyalle, maganinsa a aljihun ciki. Insulin idan ya daskare ya lalace, ko da ya narke daga baya.

Sallah da azumi fa, inda rana ba ta fitowa?

Masallacin Alnor da ke Tromsø yana bin lokutan Makka a watannin da rana ba ta fitowa ko ba ta faɗuwa. Wasu malamai sun fi son a bi lokutan gari mafi kusa da ke da dare da rana. Ka tambayi malaminka kafin ka tashi, ka tsaya a kan hanya ɗaya. Ramadan na 2027 zai kama a farkon Fabrairu, na 2028 a ƙarshen Janairu, wato tsakiyar lokacin kallon haske. A Fabrairu rana ta dawo kuma yinin gajere ne, amma mai azumi kada ya shirya doguwar tafiya da ƙafa, domin jiki da abinci yake yin zafi.

Alƙibla daga can kudu take, da ɗan karkata zuwa gabas. Alwala a yi ta a ɗaki, a tsane jiki sarai kafin a fita, har gemu da tsakanin yatsu. Shafa a kan huffi yana sauƙaƙa abu sosai, kuma a mazhabar Malikiyya ana sharɗanta ya zama na fata, don haka a taho da shi daga gida.

Kifi yana ko'ina, kuma shi ne mafita mafi sauƙi. Tsiran-alade da ake gasawa a bakin wuta a yawancin fitar dare na alade ne, sai ka faɗa tun lokacin biyan kuɗi a tanadar maka wani abu. Zazzafan abin shan 'ya'yan itace da ake zubawa daga filas yawanci ba giya, amma wanda ake kira glögg wani yana da ita. Tambaya ba ta ɓata wa kowa rai a can.

Dajin nan na wane ne?

A talla ana kiran sa dajin da ba kowa. Ba haka ba ne. Ƙasar Sami ce, al'ummar da ke zaune a arewacin Norwe, Suwidin, Finland da yankin Kola na Rasha tun kafin a shata iyakoki, kuma kusan duk inda ka taka makiyayar barewar arewa ce. Suna da majalisunsu a Karasjok, Kiruna da Inari. Duk barewar da ka gani a yankin tana da mai ita, da alamarsa a kunne.

Lokacin sanyi ne mafi wuya ga dabbobin. Suna tona dusar ƙanƙara da kofato su ci gansakukar da ke ƙasa, matan kuma suna da ciki, sai Mayu za su haihu. Duk gudun da aka sa su ƙona kitse ne da ba za su mayar ba. Yanzu kuma ga wata matsala: yankin ƙuryar arewa yana ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya tun 1979, ruwan sama ya kan sauka a tsakiyar hunturu ya daskare, ya zama ɓawon ƙanƙarar da kofato ba ya fasawa, sai makiyayi ya sayi abinci ya kai wa garke. Idan ka ci karo da garke, ka tsaya, ka yi shiru, ka kewaye daga nesa. Kada ka bi su don hoto, kada ka tashi jirgi marar matuƙi a kansu, kare kuma ya kasance a ɗaure.

Kada ka tambayi makiyayi barewa nawa gare shi. Daidai yake da ka tambayi Bafulatani yawan shanunsa.

A 2018 majalisar Sami ta Finland ta fitar da ƙa'idojin yawon buɗe ido da ya shafi al'adarsu, saboda an daɗe ana sa wa ma'aikatan da ba Sami ba kwaikwayon tufafinsu ana tara kuɗi. Rigar gákti tana nuna garin mutum da danginsa, ba kayan ɗaukar hoto ba ce. Ka nemi ziyarar da iyalin Sami ke gudanarwa da kansu. Kayan hannu na gaskiya suna ɗauke da tambarin Sámi Duodji. Gidan tarihi na Siida a Inari wuri ne mai kyau na farawa, kasuwar Jokkmokk kuma, wadda ta haura shekara 400, tana ci a farkon Fabrairu.

An ce kowa na da 'yancin shiga daji. Har ina?

Gaskiya ne, a ƙasashen uku kowa na iya tafiya da ƙafa ko kan ski a ƙasar da ba gona ko farfajiyar gida ba. A Norwe doka ta ce tanti ya yi nisan mita 150 daga gidan da ake zaune, kuma kada ya wuce dare biyu a wuri ɗaya ba da izini ba. A Finland hura wuta sai da izinin mai ƙasa, a gandun daji kuwa sai a wurin da aka tanada. 'Yancin bai haɗa da inji ba, bai haɗa da sare itace mai rai ba, bai kuma haɗa da tsayawa a tagar mutane ana ɗaukar hoto ba.

Shara duk a koma da ita, har ɓawon lemo da takardar bayan gida. Sanyi ba ya ruɓar da komai. Abin da aka binne a dusar ƙanƙara a Janairu zai bayyana a Mayu a bakin rafin da mutane ke sha.

Zan iya kwana a daji?

Bukka ta fi tanti ga sabon shiga. A Finland hukumar Metsähallitus tana kula da bukkokin daji na kyauta, ba a kulle su, ana kwana ɗaya ko biyu. Al'adarsu ita ce wanda ya iso daga baya ya fi wanda ya riga ya ɗumama haƙƙin wuri, kuma kafin ka tafi ka share, ka shigo da itace, ka faskara ƙirare don na bayanka ya kunna wuta da daskararrun yatsu. A hanyar Kungsleden ta Suwidin, wadda ta tashi daga Abisko zuwa Hemavan, kilomita kusan 440, bukkokin ƙungiyar yawon buɗe ido ta STF suna buɗewa da masu kula daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, an kuma yi wa hanyar hunturu alama da jajayen gicciye a kan sanduna.

Kwanan tanti sai da ɗan jagora a karon farko. Sanyi ya fi shigowa ta ƙasa, don haka shimfiɗa biyu ake sawa, ta soso a ƙasa, ta iska a sama. Gas na butan ba ya tashi idan sanyi ya wuce sifili, ana amfani da risho mai ruwan mai ko gas na musamman na hunturu. Kunna risho a rufaffen tanti yana tara iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, kuma ciwon kai da jiri ne gargaɗinta. Narkar da dusar ƙanƙara yana cin mai da lokaci, a fara da ɗan ruwa a gindin tukunya don kada ta ƙone. Mutum yana buƙatar lita 3 zuwa 4 a rana ko da ba ya jin ƙishi. Gorar ruwa a ajiye ta kife, domin daga sama ruwa ke fara daskarewa. Kafin a tashi a faɗa wa wani hanyar da za a bi da lokacin dawowa. Da yawa cikin masu fita ceto a Norwe 'yan sa-kai ne da ke barin gadajensu.

Tafkin da ya daskare yana da aminci?

Wurin kallo ne mai kyau saboda babu bishiya, amma kaurin ƙanƙara ba ɗaya ba ne a ko'ina. Mai tafiya da ƙafa yana buƙatar aƙalla santimita 10 na ƙanƙara mai garai-garai. Fara mai kumfa rabin ƙarfin wannan gare ta. Mashigar rafi da mafitarsa, ƙarƙashin gada, mashigi tsakanin tsibirai, da tafkunan da ake ja wa ruwa don lantarki, duk suna da rauni ko a Fabrairu. Ka bi sawun da aka yi wa alama. Mutanen wurin suna rataya ƙusoshi biyu masu mariƙi a wuya. Wanda ya faɗa ya fara daidaita numfashi, ya juya ta inda ya fito, ya kafa ƙusoshin ya ja jiki yana harba ƙafa, sannan ya mirgina ya yi nisa kafin ya miƙe.

A duwatsu kuwa, gangaren da ya kai digiri 30 yana iya zaftarewa, har ya binne wanda ke tafiya a ƙasansa. Norwe tana fitar da hasashen zaftarewar ƙanƙara kullum a shafin Varsom, mataki 1 zuwa 5, kuma yawancin mace-mace a mataki na 2 da na 3 suke faruwa, lokacin da mutane ke ganin da sauƙi.

Keken karnuka da babur ɗin ƙanƙara fa?

Keken karnuka, wato wanda karnuka ke ja a kan dusar ƙanƙara, ba al'adar Sami ba ce, harkar yawon buɗe ido ce ta yaɗa shi, kuma a wasu wurare akwai saɓani tsakanin masu shi da makiyaya. Gidan karnuka na kirki zai amsa maka kai tsaye: kwana nawa kare ke hutawa a mako, me suke yi da bazara, ina tsofaffi ke zuwa idan sun daina ja. Wanda ya kauce wa tambaya ta uku, ka nemi wani. Babur yana buƙatar lasisin tuƙi da hular kwano, ba a sauka daga hanyar da aka shata, kuma ka tambayi nawa za ka biya daga aljihunka idan ka buga shi.

Yaya zan tantance kamfani?

Mutum nawa a mota? Takwas zuwa goma sha biyar daban ne da hamsin. Ɗan jagoran a yankin yake zaune, ko an kawo shi na wata uku? Yana da horon agajin gaggawa da na'urar kira inda babu sabis? A wane yanayi suke soke fita, kuma suna mayar da kuɗi? Kamfanin da bai taɓa soke fita ba abin tsoro ne. Tambarin Sustainable Travel Finland ko Nature's Best na Suwidin yana nuna an duba su, ko da yake bai maye gurbin tambaya ba. A Rovaniemi da Tromsø hayar gidaje ga baƙi na 'yan kwanaki ta tsananta wa mazauna da ɗalibai neman muhalli, don haka otal ko masauki mai rajista ya fi.

In yi hayar mota in nemi hasken da kaina?

Idan ba ka taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, a'a. Birki yana ninka nisansa sau da yawa, barewa tana tsayawa a tsakiyar titi tana lasar gishiri, kuma hankalin direba yana sama. Abin da ya fi ɓata wa mutanen wurin rai shi ne baƙon da ke tsayar da mota a kan hanya, ya kashe fitila, ya fito da baƙaƙen kaya. Babbar mota ba za ta iya tsayawa ba. A nemi wurin fakin da aka share, a sa riga mai ƙyalli. Wanda ya buge barewa dole ya sanar da 'yan sanda.

Jirgin ƙasa na dare daga Stockholm yana kaiwa Kiruna da Abisko, na Helsinki kuma yana kaiwa Rovaniemi cikin sa'a kusan 12. Wanda ya taso daga Afirka ta Yamma ya riga ya ƙona mai da yawa a jirgin sama, don haka jirgin ƙasa a zangon ƙarshe da zama mako guda a wuri ɗaya sun fi tsalle-tsalle uku na kwana bibbiyu. Tromsø ba ta da jirgin ƙasa.

Yaya ake ɗaukar hotonsa?

Kyamara a kan ƙafa uku, buɗin madubi f/2.8 ko fiye, ISO 1600 zuwa 3200, daƙiƙa 2 zuwa 4 idan hasken yana gudu, 10 zuwa 15 idan ya yi rauni. A saita gani da hannu a kan tauraro mai haske. Batir yana mutuwa da wuri a sanyi, na ajiya ya zauna a aljihun ciki, ita ma waya haka. Kafin a shiga ɗaki a sa kyamara a leda a ɗaure, a bar ta sa'a ɗaya ko biyu, in ba haka ba raɓa za ta taru har cikinta. Kada a taɓa ƙarfen ƙafar da hannu tsirara.

Biza da kwastan?

Norwe, Suwidin, Finland da Aislan duk suna cikin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai masu biza ta bai-ɗaya, don haka biza ɗaya ta isa, a nema daga ƙasar da za a fi daɗewa. Kuɗinta yuro 90 ne tun Yunin 2024, ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma dole a nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ka duba ko inshorar ta haɗa da babur ɗin ƙanƙara da keken karnuka, domin da yawa suna cire su. An hana shigo da nama da kayan madara daga waje, don haka kilishi, dambun nama da man shanu za su tsaya a filin jirgi.

Svalbard, tarin tsibirai a can arewa cikin teku, tana ƙarƙashin Norwe amma ba ta cikin Schengen. Mai zuwa can ta Oslo ko Tromsø yana buƙatar biza mai shiga biyu, in ba haka ba ba zai iya dawowa ta inda ya bi ba. Ba a fita daga babban garinta, Longyearbyen, sai da mai ɗauke da kayan kariya daga farin beyar, kuma tun Janairun 2025 doka ta ce a ba dabbar tazarar mita 300, ko mita 500 daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Yuni.